Bashin Mosko: rancen da ya bi jam'iyyar Le Pen shekara tara

A daren 20 ga Afrilun 2022, saura kwana huɗu a yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Faransa, Emmanuel Macron da Marine Le Pen suka zauna gaba da gaba a gidan talabijin domin muhawarar ƙarshe. Da aka iso kan batun yaƙin Yukren, wanda a lokacin bai cika wata biyu da ɓarkewa ba, sai Macron ya dube ta ya ce duk sa'ad da take magana da Rasha, da mai binta bashi take magana. Ita kuwa ta mayar masa da cewa ita mace ce mai cikakken 'yanci, kuma ba ta je Mosko neman rance ba sai da bankunan Faransa kaf suka juya mata baya. Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya, kuma kowannensu ya bar yankin da bai yi masa daɗi ba. Na ga ya dace a bi labarin wannan rance tun daga tushe, domin cikin duk zarge-zargen da ake yi game da alaƙar kuɗi tsakanin 'yan siyasa da bankunan ƙetare, wannan ne wanda takardunsa suka fi fitowa fili, amma duk da haka ba a daina gardama a kan ma'anarsa ba.

Sai an san yadda ake samun kuɗin siyasa a Faransa kafin a gane abin da ya kai jam'iyyar Le Pen, wato Front National, wadda aka sake wa suna zuwa Rassemblement National a 2018, ƙofar wani banki a Mosko. Tun 1995 doka ta hana kamfanoni ba jam'iyyu ko 'yan takara gudummawa. Mutum ɗaya ba zai ba jam'iyyu fiye da yuro 7,500 a shekara ba, ba zai kuma ba 'yan takara fiye da yuro 4,600 a zaɓe guda ba. Sauran nauyin gwamnati ce ke ɗauka, amma ta hanyoyi biyu masu sharaɗi. Akwai tallafin shekara-shekara da ake rabawa, rabi bisa yawan ƙuri'un da jam'iyya ta samu a zaɓen majalisar dokoki, rabi bisa yawan 'yan majalisarta. Akwai kuma mayar da kuɗin kamfe, inda ɗan takarar da ya samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u ake biyansa har kashi 47.5 cikin ɗari na iyakar abin da doka ta yarda a kashe, wato kimanin yuro miliyan 8 ga wanda ya tsaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, da kimanin miliyan 10.7 ga wanda ya kai zagaye na biyu. Matsalar ita ce wannan kuɗi ba ya zuwa sai watanni bayan an gama zaɓe, hukuma ta tantance lissafi. Kafin nan dole ɗan takara ya biya masu buga fosta, da hayar zauren taro, da ma'aikata, kuma ba shi da mafita face rance.

Jam'iyyar Le Pen ta fi kowa jin jiki a wannan tsari. Tana samun miliyoyin ƙuri'u, amma saboda zaɓen majalisa zagaye biyu ne, kuma sauran jam'iyyu kan haɗa kai su kayar da ita a zagaye na biyu, kujeru biyu kacal ta samu a 2012. A watan Mayun 2014 ta zo ta ɗaya a zaɓen Majalisar Tarayyar Turai da kusan kashi 25 cikin ɗari, farin jininta na ƙaruwa, aljihunta kuwa babu komai. Shugabanninta sun sha faɗin cewa sun zagaya bankunan ƙasar ba wanda ya saurare su, kuma ban ga dalilin ƙaryata su a wannan ba. Banki yana tsoron abu biyu a wurin jam'iyya irin wannan, wato ɓacin suna da kuma yiwuwar hukuma ta yi watsi da lissafin kamfe, kamar yadda aka yi wa tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy bayan zaɓen 2012, har jam'iyyarsa ta koma roƙon magoya baya su cike giɓin.

A watan Satumban 2014 jam'iyyar ta sa hannu a kan rancen kimanin yuro miliyan 9 daga First Czech-Russian Bank, wani ƙaramin banki mai hedikwata a Mosko, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, da sharaɗin a riƙa biyan ruwan lokaci-lokaci, uwar kuɗin kuma a biya ta a Satumban 2019. Ba jam'iyyar ce ta sanar da jama'a ba. Jaridar Mediapart, wadda a intanet kawai take fitowa, ita ta tona zancen a watan Nuwamba, sannan ma'ajin jam'iyyar, Wallerand de Saint-Just, ya tabbatar. Mai bankin, Roman Popov, ya taɓa riƙe harkokin kuɗi a Stroytransgaz, babban kamfanin shimfiɗa bututun gas na Rasha. Dillalin cinikin daga ɓangaren Faransa shi ne Jean-Luc Schaffhauser, ɗan Majalisar Turai da aka zaɓa a ƙarƙashin inuwar jam'iyyar, wanda ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi la'adar yuro 140,000. Daga ɓangaren Rasha kuwa sunan da ya fi fitowa shi ne Alexander Babakov, ɗan majalisar dokoki, wanda Tarayyar Turai ta saka wa takunkumi a cikin wannan watan na Satumba saboda batun Yukren. A farkon wannan shekarar kuma wata ƙaramar ƙungiyar tara kuɗi ta mahaifin Marine, Jean-Marie Le Pen, mai suna Cotelec, ta karɓi rancen yuro miliyan 2 daga wani kamfani mai rajista a tsibirin Saifurus wanda aka danganta da wani tsohon jami'in KGB, hukumar leƙen asirin tsohuwar Tarayyar Soviet.

Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa a dokar Faransa ta wancan lokaci wannan rance ba laifi ba ne. Gudummawa daga gwamnati ko kamfanin ƙasar waje haramun ce, amma rance daga bankin waje ba a hana shi ba. Mai karatu a Najeriya zai iya kwatanta wannan da sashe na 225 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙetare, ya kuma umarce ta ta miƙa su ga hukumar zaɓe cikin kwana 21. Faransa ba ta da irin wannan katanga a kan rance a 2014.

To me ya jawo zargin? Lokacin ne. A watan Maris na wannan shekara Rasha ta mamaye yankin Kirimiya, ta shirya ƙuri'ar raba gardama a ranar 16 ga wata, wadda ƙasashen Yamma suka ce ba ta halatta ba. Marine Le Pen tana cikin 'yan siyasar Turai ƙalilan da suka fito suka ce sakamakon ƙuri'ar abin karɓa ne, kuma mai ba ta shawara kan harkokin waje a lokacin, Aymeric Chauprade, ya je Kirimiya a ranar ƙuri'ar. A watan Nuwamba, wata biyu bayan sa hannu a kan rancen, shi kansa Schaffhauser ya tafi gabashin Yukren a matsayin mai sa ido a zaɓen da 'yan aware masu samun goyon bayan Mosko suka shirya. Sannan a 2015 wasu masu kutse na Rasha suka saki saƙonnin wayar wani jami'in fadar Kremlin mai suna Timur Prokopenko, inda aka ga ana tattauna matsayin Le Pen a kan Kirimiya, har ana cewa ya kamata a nemi hanyar gode wa Faransawan. Wanda ya jera waɗannan abubuwa bisa kwanan wata, dole ya ce biri ya yi kama da mutum.

Amma kama ba hujja ba ce, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa Putin ya sayi Le Pen da yuro miliyan 9. Ra'ayinta game da Rasha ya girmi rancen. Tun 2011, shekarar da ta gaji mahaifinta a shugabancin jam'iyya, ta shaida wa jaridar Kommersant ta Rasha cewa Putin yana burge ta, kuma adawa da ƙungiyar NATO da ƙin jinin tasirin Amurka tsofaffin aƙidun gidansu ne. Babu wata takarda da ta fito wadda ke nuna an ce mata ta faɗi kaza a ba ta kaza, kuma saƙonnin da aka sata maganar Rashawa ce a tsakaninsu, ba da ita ake yi ba. Wanda yake son tabbatar da cin hanci yana bukatar ya nuna abin da ya canza bayan kuɗi sun shiga hannu, ita kuwa abin da take faɗa kafin rancen shi ta ci gaba da faɗa bayansa.

Sai dai wannan bai wanke lamarin ba, kuma a ganina masu kare ta sun fi masu zarginta kauce wa ainihin batun. Mosko ba ta bukatar canza wa Le Pen ra'ayi. Abin da zai amfane ta shi ne jam'iyyar da ta riga ta yarda da ita kada ta mutu don rashin kuɗi, ta samu ta kai zaɓen larduna na 2015 da na shugaban ƙasa na 2017 da ƙafarta. Rancen ya yi wannan aikin. Kuma a ƙasar da manyan bankuna ba sa motsi a harkar siyasar waje sai da sanin hukuma, da wuya a yarda cewa ƙaramin banki zai ɗauki miliyoyi ya ba jam'iyyar adawa ta wata babbar ƙasar Turai, a tsakiyar rikicin takunkumi, don kwaɗayin ruwan kashi 6 kawai.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne abin da ya faru da bashin bayan an karɓe shi. A watan Yulin 2016 babban bankin Rasha ya ƙwace lasisin First Czech-Russian Bank, bankin ya karye, aka tarar da babban rami a cikin lissafinsa. Amma 'yan watanni kafin haka an riga an fitar da bashin jam'iyyar Le Pen daga littafin bankin, an sayar da shi ga wani kamfani mai suna Conti, wanda a takarda sana'arsa ba da hayar motoci ce. Daga Conti bashin ya sake komawa hannun Aviazapchast, kamfanin da ke sayar da kayan gyaran jiragen sama, har da na yaƙi, wanda Amurka ta saka wa takunkumi a 2020. Hukumar inshorar ajiya ta Rasha, wadda ke tattara kadarorin bankin da ya karye, ta kai ƙara tana ƙalubalantar cinikin farko, har aka shiga wani lokaci da jam'iyyar ta riƙa ajiye kuɗin ruwan a ofishin wani mai shaida takardu a Mosko, saboda ba a tantance wanda ya cancanci karɓa ba. A taƙaice, jam'iyyar da ke neman mulkin ƙasa mai makaman nukiliya da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu ta ci bashi a wurin banki, ta wayi gari mai sayar da kayan jiragen yaƙi ne ke binta, ba tare da an nemi yardarta ba, kuma ba tare da mai jefa ƙuri'a a Marseille ko Lille ya san an yi ba.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya bashi a kasuwa ya san cewa ranar karɓar kaya ba ita ce ranar da ake sanin girman ubangida ba. Ranar da wa'adi ya cika, ciniki bai yi ba, ka je ka durƙusa ya ce ka je ka kawo sannu a hankali, ita ce ranar da ya mallake ka, domin daga nan ko a taron unguwa ba ka iya ɗaga murya a gabansa. Haka ta faru a nan. Satumban 2019 ya zo jam'iyyar ba ta da abin biya. Aviazapchast ya shigar da ƙara a kotun kasuwanci ta Mosko, sannan a watan Yunin 2020 aka sasanta, aka shimfiɗa biyan har zuwa 2028. Da mai bin bashin ya ga dama, da ya matsa sai an biya a lokacin da jam'iyyar ke dab da durƙushewa, shekara biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa. Bai yi ba. Wannan sassauci shi ne alherin da ya fi rancen kansa tsada, kuma shi ne wanda babu dokar da ta auna shi, domin gudummawa ana rubuta adadinta, amma jinkirin shekara tara ba shi da layi a fom ɗin hukumar tantance kuɗin kamfe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko ba a taɓa kiran ta askin ba, tana sane da cewa ana iya kira.

A tsakanin waɗannan shekaru ne aka ɗauki wani hoto. Ranar 24 ga Maris 2017, saura wata ɗaya a yi zagayen farko, Putin ya karɓi Le Pen a Kremlin, suka yi musabaha a gaban 'yan jarida. Bayan shekara biyar hoton ya shiga cikin ƙasidar kamfenta da aka buga kafin 24 ga Fabrairun 2022, ranar da tankokin Rasha suka tsallaka iyakar Yukren, kuma cikin dare ɗaya abin alfahari ya zama abin ɓoyewa. Ta yi tir da mamayar, wannan gaskiya ne. Amma ta yi tir da ita alhali jam'iyyarta na ci gaba da biyan wani kamfanin kayan soja na Rasha.

Yana da amfani a ajiye wannan kusa da wani zargi mai kama da shi a Amurka, don a ga bambancin zato mai takarda da zato maras takarda. A ƙarshen Oktoban 2016 aka baza labarin cewa wasu masana kwamfuta sun gano wata na'ura mai alaƙa da kamfanin Donald Trump tana yawan haɗuwa da na'urorin Alfa Bank na Rasha, aka ce wata ɓoyayyiyar hanyar sadarwa ce. Hukumar FBI ta bincika ba ta sami abin da ya tabbatar da haka ba, ba a nuna ko dala ɗaya da ta sauya hannu ba, kuma lauyan da ya kai wa FBI bayanan, Michael Sussmann, shi ne ya ƙare a gaban kotu, inda aka wanke shi a 2022. Wancan labari ya cika kafafen yaɗa labarai saboda yana da ɗanɗanon asiri. Na Faransa kuwa yana da kwantiragi, da adadi, da sunan dillali, da hukuncin kotu, amma da yake a fili yake kuma bai karya doka ba, mutane da yawa sun ɗauke shi ƙaramin abu. Ni a wurina shi ne babba.

A 2022 jam'iyyar da kanta ta nemi a kafa kwamitin bincike a majalisa kan katsalandan ɗin ƙasashen waje, da niyyar wanke sunanta, kuma ɗan jam'iyyar, Jean-Philippe Tanguy, shi ne ya shugabance shi. Le Pen ta bayyana a gabansa a watan Mayun 2023, ta ce da banki ta sa hannu, ba da Putin ba. Rahoton da 'yar majalisa Constance Le Grip ta jam'iyyar Macron ta rubuta ya kira jam'iyyar bututun da ke isar da maganganun Mosko cikin Faransa, amma bai kawo shaidar cewa an yi musayar kuɗi da matsayi ba. Jam'iyyar ta ce rahoton siyasa ne, kuma tunda abokiyar hamayya ce ta rubuta shi, ba za a ce ƙorafin ba shi da tushe ba. A watan Satumba na wannan shekara ta sanar da cewa ta biya ragowar bashin gaba ɗaya, kimanin yuro miliyan 6, tun kafin wa'adin 2028. Abin da ya ba ta ikon yin haka shi ne kujeru 89 da ta ci a zaɓen majalisa na Yunin 2022, waɗanda suka ninka tallafin da take samu daga baitulmali, wato a ƙarshe kuɗin harajin Faransawa ne suka fanshe ta daga hannun Aviazapchast.

Majalisar Faransa ta riga ta toshe ƙofar tun a Satumban 2017, lokacin da ta hana jam'iyyu da 'yan takara cin bashi daga bankunan da ba na yankin tattalin arzikin Turai ba. Amma ba ta magance abin da ya tura mutane ƙofar ba. François Bayrou, wanda ya kawo dokar yana ministan shari'a, ya ba da shawarar a kafa bankin gwamnati da zai riƙa ranta wa 'yan takara ba tare da duba aƙidarsu ba, sai aka watsar da shawarar, aka naɗa wani jami'i mai shiga tsakani wanda ba shi da ikon tilasta wa kowane banki. A Nuwamban wannan shekarar ma bankin Société Générale ya rufe asusun jam'iyyar, HSBC kuma ya rufe na Le Pen ita kanta. Kuɗi kuwa ba su daina neman hanya ba. Lissafin kamfenta na 2017 an cike shi ne da rancen yuro miliyan 8 daga wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Laurent Foucher, mai harkoki a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma kuɗin sun biyo ta wani kamfanin hada-hadar kuɗi ne a Abu Dabi. A 2022 kuwa ta ranci kimanin yuro miliyan 10.7 daga bankin MKB na Hungari, wanda Lőrinc Mészáros, abokin firaministan ƙasar na lokacin, Viktor Orbán, tun suna yara, ke cikin manyan masu hannun jarinsa. Hungari tana cikin Tarayyar Turai, don haka rancen ya dace da sabuwar dokar harafi da harafi, ko da yake Orbán shi ne shugaban da ya fi kowa kusanci da Putin a cikin Tarayyar a wancan lokaci.

Da ƙofar bankuna ta ƙara ƙunci, jam'iyyar ta koma ga rance daga ɗaiɗaikun magoya baya masu hali, abin da doka ta yarda da shi bisa sharaɗin kada ya wuce shekara biyar kuma kada mutum ya mayar da shi sana'a. A ranar 9 ga Yulin 2025 'yan sandan binciken kuɗi suka shiga hedikwatarta a birnin Paris, suka kwashe takardu da bayanan lissafi, a binciken da ake yi kan ko waɗannan rance sun saɓa wa sharuɗɗan a zaɓukan 2022 da 2024. Shugaban jam'iyyar, Jordan Bardella, ya kira samamen cin zarafin siyasa.